Kawu Auta da Injin Kashin Mage

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai gyaran injin wanki ne. Shi ne auta a ɗakinsu, kuma sunan ya bi shi har furfura ta fito masa a gemu. Auta a gida, Auta a layin masu gyara, har masu kawo masa aiki haka suke kiransa. Shagonsa wani dogon ɗaki ne mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai walda da mai ɗinkin kujeru. In za ka shiga sai ka karkace, domin matattun injina sun cika shi har rufi, wani a kan wani, bakunansu a wangame. Kawu ba ya zubar da komai. Ƙusa, bel, guntun waya, robar ƙofa da ta tsage, kowanne yana da gwangwaninsa.

Yana da wata ɗabi'a da duk layin suka san shi da ita. Duk injin da ya gyara, kafin ya mayar wa mai shi, sai ya zuba masa ruwan ƙamshi na ɗauraye kaya, mai ƙamshin lemon tsami, ya kunna shi ya zagaya ba komai a ciki. Yakan ce abin da aka wanke dole ya yi ƙamshi, in ba haka ba wa zai yarda an taɓa shi? Shi kansa ƙamshin ya kama shi. In ya shiga gida, kafin ka ji muryarsa ka ji lemo.

Umma, wato mahaifiyata, ba ta taɓa taka shagon nan ba tun da na yi wayo. Rabonsu da zaman lafiya tun kafin a haife ni. A da Umma tela ce, tana da baƙin keken ɗinki mai zanen furanni da mahaifinsu ya bar mata. Ta yi tafiya jinyar wata 'yar'uwarsu, ta dawo ta tarar Auta, lokacin yana saurayi, ya kwance keken gaba ɗaya, wai zai haɗa injin da zai riƙa yi wa mutum fifita yana barci. Injin bai yi fifita ba, keken kuma bai sake haɗuwa ba. Masu kawo ɗinki suka watse. Daga nan Umma ta shiga aikin gidajen mutane. In aka tayar da zancen, Kawu yakan ɗaga kafaɗa ya ce keken dama ya tsufa.

Gidan da ta fi daɗewa a ciki shi ne na Likita, wata likitar haƙori da ta yi ritaya, tana zaune ita kaɗai a saman bene da magunanta. Aikin gidan nan ne ya riƙe mu tun rasuwar Abba, shi ya kai ni har na gama jami'a. Gidan ba shi da wani datti, mace ɗaya ce ba yara. Abin da ya sa dole Umma ta je kullum shi ne magunan. Akwatunan yashinsu suna jere a wani lungu bayan kicin, kuma kowace safiya sai an durƙusa an tace yashin da ludayi mai huji, an kwashe kashi, an ƙara sabo. Likita gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa. Shi ya sa makullin gidan yake cikin jakar Umma, ɗaure da jan zare.

Umma ba ta son maguna, kuma ba ta ɓoyewa. Tana aiki tana zaginsu ƙasa-ƙasa. Akwai Mai Ido Ɗaya, akwai Ɓarawo, akwai wasu da ba ta ma ɗauke su a bakin suna ba. Sai Tsohuwa, wata farar mage mai nauyin jiki da ke kwana a ƙafafun Likita, wadda Umma take cewa ita kaɗai ce aka yi wa tarbiyya a gidan. Da na gama karatu ban sami aiki ba, sai nakan bi ta in taya ta goge gashin da ke maƙale a kujeru. Ba na magana sosai a gidan mutane, don haka Likita takan manta ina nan.

Wata rana injin wankin Likita ya tsaya da ruwa a ciki. Mai gyaranta ya yi tafiya. Umma da bakinta ta ce tana da ƙane mai wannan sana'a, ta faɗa tana yatsina fuska kamar mai haɗiye magani.

Kawu ya zo da jakar kayan aikinsa, ya kwanta a ƙasa, ya zaro wani curin gashin mage daga cikin injin, girmansa ya kai ɓera. Ya yi atishawa har idanunsa suka yi ja, domin shi gashin mage ba ya yi da shi. Ya gama, ya zuba ruwan ƙamshinsa, sai ya leƙa lungun nan ya ga Umma a durƙushe da ludayi. Ya tsaya yana kallo, kansa a karkace. Na san wannan kallon. Haka yake kallon abin da yake shirin kwancewa.

"Yaya, kullum haka kike yi?"

"Ka gama abin da ya kawo ka, ka kama hanya."

Bai kama hanya ba. Falo ya nufa, inda Likita take shan shayi.

"Ranki ya daɗe, wannan ai aikin inji ne. Mene ne a ciki? Juyawa ne da tacewa, abin da nake yi ke nan tun ina yaro. Zan haɗa miki akwatin da mage za ta shiga ta yi abinta, tana fita ya juya da kansa, ya tace yashi, kashin ya faɗa aljihu a ƙasa. Ba sai kin ajiye mutum yana durƙuso kullum ba. Mutum yana ciwo, yana makara, yana kumbura fuska. Inji kuwa ba ya gunaguni."

Umma tana tsaye a bakin kicin, ludayin yana hannunta.

Likita ta yi dariya, ta ce in ya haɗa ya yi aiki tana so, kuma tana da ƙawaye masu maguna da karnuka da za su yi layi. Sai ta juyo wajen Umma da fara'a, kamar mai ba da kyauta. "Kin ga ke ma kin huta. Shara da goge-goge matar mai gadi za ta iya leƙowa ta yi jefi-jefi."

A kan matakala Umma ta tare shi.

"Auta, ni ka zo kora?"

"Wa ya kore ki? Ci gaba nake kawowa. Ke kina jin daɗin wannan aikin ne?"

"Ina jin daɗin cin abinci. Na kawo ka ka gyara inji, ka tsaya kana auna kujerata."

"Wace kujera, Yaya? A durƙushe na same ki."

Da ban riƙe mata hannu ba, da ludayin ya sauka a kansa.

Watanni ya yi a kan abin. Ya daina karɓar ƙananan gyare-gyare, masu kawo aiki suka riƙa komawa da injinansu. Ni yake kira in ɗauke shi bidiyo da wayata, wai don talla. Yakan ce, "Malama Shiru, ke da kika yi boko, riƙe wayar da kyau, wata rana za a nemi wannan hoton." Nakan je ba da sanin Umma ba wani lokaci, wani lokaci kuma da saninta, sai ta ce in gaishe da injiniyan kashi. Mai walda ma haka yake kiransa, har sunan ya zagaya layin.

Gaskiya abin ya burge ni. Ya ɗauki gangar wani babban injin wanki ya kwantar da ita, ya yanke mata ƙofa daidai shigar mage. A ciki ya ɗaura rariya ta waya. A ƙasa ya sa abin jin nauyi, wanda yake gaya wa injin wanki yawan kayan da aka zuba masa. In nauyi ya hau sannan ya sauka, sai injin ya ɗan jira, ya juya a hankali, yashi ya zube ta rariya, dunƙulen ya gangara cikin wani aljihun roba. Ya yi ta fama har ya kashe ƙarar, ya zama ba ka jin komai sai shuuu na yashi.

Mage kam ba ta taɓa shiga shagon ba, saboda atishawarsa. Wani tsohon dutsen guga yake sawa a madadinta, ya ɗora ya ɗauke. Kashin kuma laka yake mulmulawa. Dutsen guga bai taɓa yin ƙorafi ba.

Yana aiki yana zuba. Daga na mage zai yi mai tsince gashin kare a kan kafet, daga nan mai wanke kejin tsuntsu. Zai sa wa kamfani suna, ya ɗauki ma'aikata masu riga iri ɗaya. Ƙarshen abin da ya ƙara shi ne aljihun sabulu na injin wanki, da siririn tiyo da ya bi ta saman gangar. Duk lokacin da injin ya gama juyawa, sai ya fesa ruwan ƙamshin nan a kan yashi.

"Wannan shi ne sa hannuna," in ji shi.

Ranar da aka kai injin, mai walda ne ya taya shi hawa da shi bene. Aka ajiye shi a lungun, magunan suka hau kan kabad suna leƙe. Umma ta tsaya ta harɗe hannu. Kawu ya ɗora dutsen gugarsa, ya ɗauke, muka jira. Gangar ta juya, laka ta faɗa aljihu, Likita ta tafa. Sai fesawar ta zo, ƙamshin lemo ya cika lungun har kicin.

Ina kallon Umma. Hancinta ya motsa, ta dubi magunan, ta dubi tiyon. Ta buɗe baki.

"Auta, wannan ruwan da kake..."

Bai ji ta ba, ya riga ya zagaya bayan injin yana nuna wa Likita wani abu. "In kuma an ɗauke wuta, ranki ya daɗe, ga wannan, da hannu ɗaya za ki juya." Wata baƙar ƙafa ce ta ƙarfe mai zagaye, da ragowar zanen furanni a gefenta, duk ya kusa gogewa. Ban taɓa ganin keken ɗinkin Umma ba, amma da na ga yadda fuskarta ta koma, ban bukaci a gaya mini ba. Ashe duk shekarun nan ƙafar keken tana cikin ɗaya daga gwangwanayensa.

"Me kika ce, Yaya?"

"Babu komai. Na ce ya yi ƙamshi."

Kawu ya ce a kwashe tsofaffin akwatunan, in ba haka ba magunan ba za su saba da sabon ba. Umma da kanta ta zubar da yashinsu, ta wanke su fes, ta kife su a baranda.

Ɓarawo ne ya fara sakin kashi, a cikin tukunyar furanni. Mai Ido Ɗaya ta zaɓi bayan labule. Daga nan abin ya bazu: kafet, kwandon wanki, cikin takalman Likita na fita, har tsakiyar gadon baƙi. Injin yana lungu yana walƙiya, yashinsa sumul, ko sawu ɗaya babu. Aikin Umma ya ninka, amma ban taɓa ganin ta yi aiki da sauƙin rai irin na lokacin ba. Tana wanke kafet tana 'yar waƙa a hanci. Ta ma daina zagin magunan.

Likita ta kira Kawu. Ya zo ya durƙusa, ya shinshina gangar, ya ce ya gane matsalar: har yanzu akwai ɗan warin ƙarfe da man inji, shi ke korarsu. Ya buɗe tiyon ya ƙara yawan feshin. Umma tana goge tebur, ba ta ko ɗago ba.

Tsohuwa ce ba ta bi sahun sauran ba. Ita ba ta saba yi a ƙasa ba. Takan je bakin lungun ta tsaya, ta yi kuka, ta juyo. Takan daɗe ba ta yi ba, sai in ya ci ƙarfinta. Daga baya ta shige ƙarƙashin gado ta daina cin abinci. Na ga Umma ta durƙusa tana leƙenta, ta daɗe a haka, har ta miƙe ta nufi baranda inda akwatunan suke kife. Ta tsaya a ƙofar. Sai ta dawo ta ɗauki tsintsiya.

Likita ta kai Tsohuwa asibitin dabbobi, aka riƙe ta a can da ciwon mafitsara. Da ta dawo ta sa aka kira Kawu, ta zauna a kujerarta da kwandon magen a gefenta, ba kowa a ciki. Ba ta ce kowa ya zauna ba.

"An tambaye ni me ya canza a gidana. Abu ɗaya ne ya canza."

"Ranki ya daɗe, injina lafiyarsa ƙalau," in ji Kawu. "A gabanki na gwada. In maguna sun ƙi shiga, to akwai mai hana su. Wa ke wuni da su? Wa ke da riba in abin ya lalace? Ni na san halin yayata. Wataƙila tsintsiya take bin su da ita in kin shiga ɗaki."

"Ni?" Umma ta ajiye tsumman hannunta. "Ni zan tsaya korar mage saboda wannan tarkacen naka? Kai ka kore su da kanka, wawa! Lemon tsamin da kake fesawa kamar mai wanka da shi! Wace mage ce za ta kusanci lemo? Leƙa kicin ɗin nan, duk shekarun da na yi a nan, ka ga sabulu mai lemo ko ɗaya? An kira ka ka gyara, ka zo ka ƙara! Da dutsen guga ka yi gwaji, to dutsen guga ya zo ya yi kashin!"

Na zaci an gama, Umma ta ci. Ita ma haka ta zata, domin har ta ɗauki tsummanta.

Likita ta ce, a hankali, "Tun yaushe kika sani?"

Umma ba ta iya ƙarya ba. Tana iya yin shiru, amma in aka tambaye ta kai tsaye sai ta faɗa.

"Tun ranar da ya kawo shi."

"Kina kallon Tsohuwa tana zuwa bakin lungun tana kuka."

Umma ta sake ajiye tsumman.

"Ajiye mini makullina a kan tebur. Kai kuma ka kwashe wannan abin daga gidana, yanzu."

Jan zaren ya ƙi kwancewa daga hannun jakar. Umma ta yi ta fama da shi da farce, muna tsaye muna kallo, har ta sa haƙori ta tsinke shi.

Babu mai walda ranar, don haka ni da Kawu muka sauko da injin, shi a ƙasa ni a sama, yashi yana zubo masa a kai. Umma tana biye da mu, ba ta sa hannu ba.

"Kalma ɗaya, Yaya! Kalma ɗaya da kin faɗa, da na cire tiyon nan a take! Kin kashe mini kasuwa, duk ƙawayenta za su ji."

"Kasuwar kora ta? In taya ka?"

"To ga shi kin kori kanki, ai ba inji ya kore ki ba."

"Ka yi ta magana, ƙafarka za ta zame, in ga wanda zai gyara ka."

Tsohuwa ta warke, mai gadi ne ya gaya mini. Matarsa ce take zuwa kullum yanzu, ita ke durƙuso da ludayi. Umma ta nemi wasu gidajen, amma ƙawayen Likita sun ji labari, kuma ba labarin injin kaɗai ba. A ƙarshe ta sami wankin kwanuka a wani gidan abinci, tsaye daga safe har la'asar, hannayenta suka fara tsagewa.

Kawu ya ajiye injin a ƙofar shago, ya fizge tiyon cikin fushi, ya koma gyaran injin wanki. Amma ya jona injin magen da wuta, domin ba ya iya ganin abu mai aiki a kashe. Bayan ruwan sama ya wanke shi, rana ta busar, wata ramammiyar magen layi ta shiga. Mai walda ya ce da idonsa ya gani: ta fito tana karkaɗe ƙafa, gangar ta jira, ta juya, abin ya faɗa aljihu. Yanzu duk magunan layin can suke zuwa. Mai ɗinkin kujeru yana ta masifa, Kawu kuma yana atishawa daga safe har ya rufe shago, amma bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ya zo gidanmu ya tsaya a bakin ƙofa, domin Umma ba ta ce ya shigo ba.

"Yana aiki, Yaya. Na zo in gaya miki ne. Kuma na yi tunani, in kamfani ya tashi, za a bukaci mai zagayawa gida-gida tana zazzage aljihunan. Ke kin san maguna. Ba durƙuso, janyowa kawai za ki yi."

Umma ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta shiga ɗaki ta yafa mayafi, ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba. Muka bi ta a baya, ni da shi, yana ta tambayata ina za ta, ni kuma ban sani ba.

Shagonsa ta je. Ta tsaya a gaban mai walda ta ce ya ara mata sifana. Ta zagaya bayan injin, ta durƙusa, ta fara kwance baƙar ƙafar nan. Ƙusar ta yi tsatsa, ta sa dukan ƙarfinta har ta motsa. Kawu yana tsaye a kanta yana ihu.

"In aka ɗauke wuta fa? Da me za a juya?"

"Ka sa kanka a ciki ka juya."

Ta mayar wa mai walda sifanarsa, ta yi masa godiya, ta rungumi ƙafar keken a ƙirji muka taho. Yanzu tana kan kabad a ɗakinmu, ba ta da wani amfani, amma Umma tana goge ta duk ranar da ba ta je aiki ba. Kawu ya aiko ni sau da yawa in roƙa masa ita, wai ya duba duk gwangwanayensa bai sami wadda ta dace ba. Ina isar da saƙon. Umma takan ce in gaya masa keken dama ya tsufa.